Filin Tambayoyinku: Awa 200 Ko 1,500 Ake Nema Kafin A Tuƙa Jirgin Fasinja?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: lasisin tuƙin jirgin sama, da awoyin da ake nema, da wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Na tsamo biyar. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, galibi amsarsu tana cikin ta farko.

TAMBAYA: Kyaftin, barka da aiki. Na gama sakandare, kuma burina in tuƙa jirgin fasinja. Wani ya ce mini da awa 200 a sama kamfani zai ɗauke ni, wani kuma ya rantse sai na cika 1,500. Wa zan gaskata? (Daga wani matashi mai shekara 19)

AMSA: Ɗana, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa dai gefen da ya sani ya faɗa. Bari mu faro daga tushe.

A ranar 7 ga Disamba 1944 ƙasashe 52 suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka, daga nan aka samu hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada. Yau ƙasashe 193 ne a cikinta. Kundaye 19 ne ke rataye da wannan yarjejeniya, kuma na farkonsu, wanda aka amince da shi a 1948, shi ne na lasisin ma'aikata. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ICAO ba ta ba kowa lasisi. Ita dai tana shata layin da ba a sauka ƙasa da shi, kowace ƙasa ta ɗauka ta zuba a dokarta, in ta ga dama ta ƙara tsauri. Daga wannan ƙarin ne saɓanin mutanenka biyu ya samo asali.

Matakala ce mai hawa uku. Hawan farko shi ne lasisin tuƙi na ƙashin kai, PPL. Sai ka kai shekara 17, ka yi awa 40 a sama, 10 daga ciki kai kaɗai a cikin jirgi, 5 daga cikin goman nan kuma tafiya daga gari zuwa gari, har da wata tafiya ta aƙalla kilomita 270 da za ka sauka a filaye biyu daban-daban. Turai ta ce ita 45 take so. Da wannan lasisi za ka ɗauki iyalinka da abokanka, amma haramun ne a biya ka ladan tuƙi.

Kada adadin 40 ɗin nan ya ruɗe ka. A duk shekarun da na yi ina koyarwa a kujerar dama ta ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, ɗaliban da suka gama a daidai 40 ba su cika yatsun hannuna ba. Yawancinsu sai sun haura 55 ko 60, musamman masu zuwa yau su ɓace sai bayan mako uku, don hannu yana mantuwa. Kuma malami ba agogo yake kallo ba kafin ya bar ka ka tashi kai kaɗai. Ni abin da nake jira shi ne ranar da za mu sauka sau uku a jere hannuna yana kan cinyata, bakina a rufe. Ran nan sai in ce wa ɗalibi ya tsaya a gefen titin jirgi, in kwance bel, in buɗe ƙofa, in ce masa ya zagaya sau ɗaya ya dawo. Abu ɗaya nake ƙara masa: jirgin zai ɗaga da wuri fiye da yadda ya saba, don kilo 80 da ɗoriya sun fita daga ciki. Duk da haka kusan kowanne in ya sauko abin da yake fara faɗa ke nan, cewa jirgin ya yi tsalle kamar an tsikare shi. Ni kuwa ina tsaye a ƙasa da rediyo a hannu, gumin da nake yi ya fi nasa.

Hawa na biyu shi ne lasisin sana'a, CPL, wanda da shi ake fara biyan mutum. Shekara 18, awa 200, ko 150 in makarantar da hukuma ta amince da tsarinta ka bi daga farko har ƙarshe. A ciki akwai awoyin da kai ne shugaban jirgi, da tafiya mai nisan kilomita 540, da awa 5 na dare. Amurka 250 take nema a tsarinta na gama-gari. To, ka ga inda 200 ɗin mutuminka na farko ta fito.

Amma CPL tsurarsa ba ya kai ka ƙofar jirgin fasinja. Akwai ƙarin shaidu da ake liƙa wa lasisi, kuma wadda na fi girmamawa ita ce ta tuƙi da na'urori kaɗai, wato lokacin da gajimare ko hazo ya rufe, ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama. Ana neman awa 40 na irin wannan tuƙi, da awa 50 na tafiya tsakanin garuruwa kana shugaban jirgi. Yadda muke koyar da shi, wata hula muke kifa wa ɗalibi wadda ke tare masa gilashin gaba, ba ya ganin komai sai allon na'urori. Nakan ce ya rufe ido, in karkata jirgin a hankali zuwa hagu, in bar shi a haka kamar daƙiƙa 20, sannan in tambaye shi yaya muke. Sai ya ce, “Malam, a miƙe muke.” In na daidaita jirgin kuma sai ya rantse mun karkata dama. Ruwan da ke cikin kunnen ɗan Adam ne ke yaudararsa, kuma wannan yaudara ta kashe matuƙa da yawa da suka kutsa cikin gajimare ba tare da horo ba. Awa 40 ɗin nan duk ana kashe su ne wajen koya wa mutum ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allurar na'ura. Bayan wannan akwai shaidar jirgi mai inji biyu, da horon aiki da abokin tuƙi, sannan shaidar nau'in jirgin da za ka tuƙa. Wanda ya iya Boeing 737 ba shi da izinin taɓa Airbus A320 sai ya koma aji.

A Turai da ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, matashin da ya haɗa waɗannan, ya kuma ci rubutacciyar jarrabawar babban lasisi (darussa 13 ne a tsarin Turai, kowanne sai ka samu kashi 75 cikin 100), yana iya zama a kujerar dama ta jirgin fasinja, wato ta mataimakin kyaftin, da awa 200 da 'yan kai. A bakin matuƙa ana ce wa wannan daskararren lasisi, don ilimin yana hannu amma awoyin ba su cika ba. Tun 2006 ma ICAO ta buɗe wata hanyar, MPL, mai awa 240 da akasarinsu a na'urar kwaikwayon jirgi ake yin su, ana tarbiyyar ɗalibi tun daga farko don kujerar mataimaki a kamfani guda.

Hawa na uku shi ne ATPL, lasisin da sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja. Shekara 21, awa 1,500, a ciki 200 na tafiya mai nisa, 100 na dare, 75 na tuƙi da na'urori. Awa 1,500 ɗin nan kusan ko'ina haka take ga kyaftin. Inda Amurka ta fita daban shi ne ta ɗora wa mataimaki ma wannan nauyin, kuma akwai dalili. Daren 12 ga Fabrairu 2009 jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗa kan wani gida yana dab da sauka a Bafalo, mutum 50 suka rasu. Gudun jirgin ne ya ragu har sandar tuƙi ta fara kakkarwa, alamar fiffike ya kusa daina ɗaukar jirgi. Abin da ake koya wa ɗalibi tun makonninsa na farko shi ne ya tura sanda gaba ya ƙara wuta. Kyaftin ɗin kuwa jan sandar ya yi. Iyalan mamatan suka tsaya kai da fata a majalisar dokoki, aka yi doka a 2010, ta fara aiki a 2013: mataimakin da a da awa 250 ta ishe shi, yanzu sai 1,500. An ɗan sassauta wa tsofaffin matuƙan soja zuwa 750, masu digirin fannin jiragen sama daga jami'o'in da aka amince da su 1,000, masu karatun shekara biyu 1,250.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: matuƙan jirgin nan su biyu duk sun wuce awa 1,500 a daren. Kyaftin yana da fiye da 3,000, mataimakiyarsa fiye da 2,000. Abin da masu bincike suka tono shi ne jarrabawoyin tuƙi da kyaftin ya sha faɗuwa a baya, da raunin horo, da batun gajiya, da hira a lokacin da doka ta ce a yi shiru a mai da hankali. Shi ya sa ni dai ban taɓa yarda cewa adadi kaɗai yana yin matuƙi ba. Na zauna da mai awa 1,800 da ya tara su yana zagaya fili ɗaya da rana tsaka, sararin sama tas, wato awa ɗaya ce ya maimaita sau 1,800. Na kuma zauna da yarinya mai awa 300 wadda ta ga hadari ya haɗo a gabanmu ta ce mu juya tun kafin in buɗe baki. Amma kada in yi wa dokar rashin adalci. Akwai abin da sai daɗewa a sama ke koyar da shi: ranar da mai ya yi ƙasa iska kuma ta juyo maka, ranar da rediyo ya mutu, ranar da ka tsorata ka sauko ƙafafunka suna rawa ba ka gaya wa kowa ba. Mai awa 200 bai gamu da waɗannan ba tukuna, kuma tsarin Turai ya dogara ne da cewa akwai gogaggen kyaftin a hagunsa da kamfani mai horo na gaske a bayansa. Inda babu waɗannan biyun, 200 ta yi kaɗan ƙwarai.

Saboda haka ka fara tantance ƙasar da kake son yin aiki, ka nemi dokar hukumarta ka karanta da idonka. Kuma ka sani kamfani yana da ikon neman fiye da abin da doka ta ce, in matuƙa sun yi yawa a kasuwa kuwa haka suke yi.

TAMBAYA: 'Yata tana sa tabarau tun tana firamare, ga shi ta ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgi. An ce mana mai tabarau ba ya tuƙi, wasu ma suna cewa ba aikin mata ba ne. In hana ta tun da wuri? (Daga wata uwa)

AMSA: Hajiya, kada ki hana ta. Ni da nake rubuta miki wannan amsa da tabarau nake tuƙi. Ƙa'idar gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wadda masu sana'a ke yi, tana neman kowane ido ya ga 6/9, idanu biyu a haɗe su ga 6/6, ko da tabarau ko babu. Sharaɗin kawai a rubuta a takardarta cewa da tabarau take tuƙi, kuma ta riƙa ajiye na biyu kusa da hannu ko na farko zai karye. Jita-jitar daga aikin soja ta samo asali, inda sharuɗɗan suka fi tsauri.

Abin da ya fi tabarau kayar da mutane shi ne rarrabe launi, musamman ja da kore, don fitilun titin jirgi da na fiffike da na hasumiya duk da launi suke magana. Likita zai buɗe mata wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala ta karanta lambobin da ke ɓoye a ciki. Wannan matsala ma maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Za a duba zuciya, da ji, da hawan jini, da suga, da tarihin farfaɗiya ko suma. Shawarata guda ce, kuma ina ba kowa ita: a je wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi a yi gwajin daraja ta ɗaya kafin a biya wa kowace makaranta ko sisi. Na taɓa samun ɗalibi haziƙi da ya gama karatun aji kaf, ya fara tashi, sannan aka gano ba ya bambance ja da kore. Ranar da ya zo kwashe littattafansa ban iya haɗa ido da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun mace kuwa, babu layi ɗaya a dokar lasisi da ya raba ta da namiji. Tun ranar 8 ga Maris 1910 wata Bafaranshiya, Raymonde de Laroche, ta karɓi lasisin tuƙin jirgi, shekara bakwai ba su cika ba da tashin jirgi na farko.

TAMBAYA: Ƙanena ya yi karatun tuƙi a ƙasar waje ya dawo da lasisi, amma an ce sai ya sake jarrabawa. Ashe lasisin jirgi ba na duniya ba ne? (Daga wani yaya)

AMSA: Malam, babu wani abu wai shi lasisin duniya. Ƙa'idar ita ce ƙasar da aka yi wa jirgi rajista ita ke ba matuƙinsa lasisi, ko ta amince da wanda ya zo da shi. Da lasisin ƙasarka da jirgin ƙasarka za ka ratsa sararin kowace ƙasa, amma in za ka hau jirgi mai rajistar wata ƙasa, sai hukumarta ta sa hannu. Hanya biyu ce: ko su ba shi takardar amincewa ta ɗan lokaci wadda ke jingine da lasisinsa na asali, ko su sauya masa zuwa nasu gaba ɗaya. A na biyun galibi zai rubuta jarrabawar dokokin sama na ƙasar, ya sake gwajin lafiya, wani lokaci ya tashi da mai jarrabawa. Za kuma su tuntuɓi hukumar da ta ba shi lasisin su tabbatar na gaske ne. Ya yi haƙuri ya bi layi, ba wulaƙanci ba ne.

Ya kuma kula da littafin awoyinsa kamar ransa. Kowane tashi da kwanan wata, da lambar jirgi, da inda aka tashi da inda aka sauka, da sa hannun malami inda ake bukata. Wani saurayi ya taɓa kawo mini littafinsa in sa masa hannu, na ga awa biyu da rabi a wata ranar da na san jirgin da ya rubuta yana garejin gyara an sauke masa farfela. Na rufe littafin na miƙa masa, ban ƙara tashi da shi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne a wannan sana'a, don jirgi ma yana da nasa littafin, kuma ana gwada su. Bayan faɗuwar wani jirgi a Karaci a watan Mayun 2020, ministan sufurin jiragen sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa akwai shakku a kan lasisin matuƙa 262 daga cikin 860. Cikin 'yan kwanaki Turai ta rufe wa kamfanin jirgin ƙasar ƙofa, ba ta buɗe ba sai a ƙarshen 2024, masu gaskiya suka sha hukunci tare da marasa ita.

Ya duba shaidar Turancinsa ma. Tun 2008 ake neman mai tuƙi tsakanin ƙasashe ya kai mataki na 4 cikin 6, kuma mai mataki na 4 sai ya riƙa sabuntawa bayan 'yan shekaru. Rashin fahimtar juna a rediyo yana cikin abin da ya haɗa jirage biyu ƙirar Boeing 747 a kan titi ɗaya a tsibirin Tenerife a 1977, mutum 583 suka mutu.

TAMBAYA: Shekarata 47. Na makara? (Daga wani ma'aikaci)

AMSA: In don sha'awa ne, Yallaɓai, ko kusa. Lasisin ƙashin kai ba shi da iyakar shekaru ta sama muddin kana cin gwajin lafiya mai daraja ta biyu, wanda bayan shekara 40 ake sabuntawa duk wata 24, ya ƙara matsowa in an haura 50. Dattawan ɗalibaina sun fi samari jinkirin kama sauka, amma sun fi su jin magana.

In don sana'a ne, sai ka yi lissafi. Shekara 65 ce iyakar tuƙin jirgin haya tsakanin ƙasashe inda matuƙa biyu ne, 60 in matuƙi ɗaya ne. Cire shekara biyu na horo, cire waɗanda za ka yi kana neman aiki da tara awoyi, ka ga abin da ya rage, ka auna shi da abin da za ka kashe.

TAMBAYA: Ni matsoraciyar jirgi ce. In mutum ya zama kyaftin shi ke nan ya gama jarrabawa har ya yi ritaya? Wa ke duba shi? (Daga wata fasinja)

AMSA: 'Yar'uwa, da haka ne da mun huta. Ban san wata sana'a da ake titsiye mai ita kamar wannan ba. Likita yana ganin mu duk wata 12, in an kai shekara 60 duk wata 6. Wanda bai yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce ba, ba shi da izinin ɗaukar fasinja sai ya je ya cike, ko da awoyinsa sun kai 20,000. Lokacin annobar korona a 2020, da aka ajiye jirage, wannan ƙa'ida ta kama dubban matuƙa, aka yi ta layi a na'urar kwaikwayo.

Ita wannan na'ura sau biyu a shekara muke shigarta don jarrabawa. Wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, cikinsa sak gaban jirgi, har ƙugin inji da girgizar taya. Mai jarrabawa yana zaune a bayanka da allonsa yana zaɓo maka masifa. Wadda ba ta taɓa wucewa ita ce mutuwar inji a daidai gudun da ya wuce a taka birki: jirgi ya fizge gefe, ka danna ƙafa ka miƙar da shi, ka ɗaga da inji ɗaya, ga ƙararrawar gobara tana ihu, abokin tuƙinka yana karanto matakai ɗaya bayan ɗaya. Tun bayan haɗarin Bafalo da na jirgin Air France 447 da ya faɗa tekun Atlantika a watan Yunin 2009 da mutum 228, an ƙara horon farfaɗo da jirgin da fiffikensa ya daina ɗauka. Wanda ya faɗi, a sauke shi daga jadawalin tashi, a sake horar da shi, ya sake zama.

Na taɓa faɗuwa sau ɗaya, ina da furfura a lokacin. Na sauko da inji ɗaya cikin hazo, jirgin bai daidaita da titi yadda ya kamata ba, maimakon in fasa in sake zagayowa sai na nace na dangwarar da shi. Mun sauka lafiya, har na fara murmushi. Mai jarrabawar, wanda na girme shi da kusan shekara goma, ya kunna fitila ya ce, “Kyaftin, da mutum 150 ne a bayanka, haka za ka yi?” Na ce a'a. Ya ce to mu haɗu jibi da ƙarfe huɗu na asuba.